Banki ya cinye mini riba da caji, in kai su kotu?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar hatsi a Dawanau: masara, waken suya da riɗi. A kakar 2022 na karɓi obadiraf (bashin da banki ke barin mutum ya cire fiye da abin da ke asusunsa) na naira miliyan 3 a bankin da nake ajiya don in sayi kaya, na ba su takardar gidana jingina. Shekara biyu ina zubawa ina cira, amma bashin ya ƙi raguwa. Da na karɓi sitatimen sai na ga caji iri-iri, wasu ko sunansu ban taɓa ji ba, kuɗin ruwan ma ya tashi daga kashi 24 zuwa 32 cikin 100 ba wanda ya gaya mini. Sau uku ina zuwa wurin manaja, kullum sai ya ce daga kwamfuta ne. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya ce can mutane sun kai bankuna kotu an mayar musu da kuɗinsu. Na yanke shawarar in daina biya, in ɗauki lauya. Me ka gani?

Mai hatsi, daga Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya kuma warware maka wannan ƙulli cikin sauƙi.

Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma inda gabana ya faɗi shi ne wurin da ka ce za ka daina biya. Don girman Allah kada ka yi haka. Takardar gidanka tana hannunsu. Idan jinginar da ka sa wa hannu cikakkiya ce wadda aka yi wa rajista, banki na iya sa gidan a kasuwa ba tare da neman izinin alƙali ba, muddin ka saɓa alkawarin biya kuma ya ba ka sanarwar da ta wajaba. Kotu kuwa ba kasafai take hana mai riƙe da jingina sayarwa don kawai ana jayayya a kan lissafi ba. Sau da yawa cewa take yi ka fara ajiye kuɗin da ake bin ka a hannunta tukuna. Akwai kuma tsarin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta, 2020, wanda ake kira GSI. In ka sa hannu a takardar izininsa lokacin karɓar bashi, bankin da ke bin ka zai iya bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi uwar kuɗi da ruwanta daga asusunka na wasu bankunan. Ga sunanka da za a miƙa wa kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi, gobe ka nemi rance a wani wuri a ce maka babu. Duk ranar da ka daina biya, ka ba su hujjar da yanzu ba su da ita. Ka ci gaba da zuba abin da zuciyarka ta san ana bin ka, rigimar kuma a yi ta a kan abin da ya hau kai ba bisa ƙa'ida ba.

Maganar ƙanenka gaskiya ce, sai dai rabin labarin ya ba ka. A wajajen 2006 mutanen Birtaniya sun taso wa bankunansu saboda cajin da ake yi musu idan sun wuce iyakar obadiraf ko cek ɗinsu ya dawo, wani lokaci fam 30 ko fiye a kan kuskure ɗaya. Dubban mutane sun shigar da ƙara a ƙananan kotuna, bankunan kuma suka riƙa biya kafin ranar zama don kada alƙali ya yanke hukuncin da zai zama abin dogaro ga kowa. A Yulin 2007 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar, OFT, ta shiga shari'ar gwaji da bankuna bakwai da wata ƙungiyar bashin gidaje guda, aka dakatar da ƙorafe-ƙorafen jama'a ana jiran sakamako. Hukumar ta yi nasara a babbar kotu a 2008, ta sake yi a kotun ɗaukaka ƙara a 2009. Amma ranar 25 ga Nuwamba, 2009 kotun ƙolin Birtaniya ta juya hukuncin, ta ce cajin nan ɓangare ne na farashin da mai asusu ke biya don hidimar banki, don haka dokar da aka dogara da ita ba ta ba hukumar ikon auna tsadarsa ba. Waɗanda suka riga suka karɓa sun tsira da nasu, masu jira kuma akasarinsu suka tashi hannu rabbana. Sai a Afrilun 2020 hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a ƙasar ta hana cajin wuce iyakar obadiraf da ƙa'idarta.

Na kawo maka wannan ne don ka ga yadda kunnen kotu yake. In ka tsaya gaban alƙali ka ce cajin ya yi yawa, an zalunce ni, zai tausaya maka, amma ba shi da abin da zai rubuta. Abin da zai iya kamawa guda biyu ne: ko an cire maka abin da ba ya cikin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, ko an wuce iyakar da CBN ya gindaya. A nan ne kake da abin da mutanen Ingila ba su da shi a wancan lokacin, domin mu muna da rubutacciyar ƙa'ida mai lambobi. Ita ce jagorar caje-cajen bankuna da CBN ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, kuma ita ta shafi shekarun da kake magana a kai. Tana shafin CBN na intanet, ka sa wani yaro ya buga maka ita a takarda.

Bari in gaya maka wuraren da za ka zuba wa ido a cikinta. Kuɗin gudanar da bashi, wanda ake cira lokacin da aka amince maka, bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma sau ɗaya ake karɓa, sai in wa'adin bashin ya ƙare an sabunta shi. A miliyan 3, naira dubu 30 ke nan. In ka ga an cire shi duk bayan wata uku, to sau huɗu a shekara ya zama dubu 120, dubu 90 a ciki kuɗinka ne. Jimlar duk kuɗaɗen da ake cira da sunan ba da bashin kuma ba za ta haura kashi 2 ba. Tarar makara iyakarta kashi 1 a wata, a kan abin da ka makara biya. In dubu 400 ka makara, tarar wata dubu 4 ce, amma in an ɗora ta a kan miliyan 3 gaba ɗaya za ka ga dubu 30. Kuɗin kula da asusun kasuwanci, wanda ya zo a 2016 bayan an soke tsohon kamashon da ake kira COT, bai wuce naira 1 a kan kowace naira dubu da ka fitar ba. Ɗan hatsi irinka da kuɗi ke ratsa asusunsa da yawa a kaka ya kamata ya duba wannan da kyau: miliyan 10 ta fita, dubu 10 ce iyaka. Ƙa'idar ta kuma tanadi tarar naira miliyan 2 a kan banki a duk saɓawa ɗaya, kuma ma'aikatan banki sun san da haka, shi ya sa takardar da ta ambaci sashe da lamba takan sami amsar da zuwa ofishin manaja sau uku bai samar ba.

Batun tashin kuɗin ruwa kuwa sai mun yi adalci. A tsakanin waɗannan shekaru CBN da kansa ya yi ta ɗaga ma'aunin ruwansa, daga kashi 11.5 a farkon 2022 har ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, kuma kusan duk takardar tayin bashi tana ɗauke da wani layi da ke cewa ruwan zai iya canjawa gwargwadon yanayin kasuwar kuɗi. Ina kyautata zaton taka ma haka take. Saboda haka tashin kansa ba lallai ya zama laifi ba. Inda maganarka take da ƙarfi shi ne cewar da ka yi ba wanda ya gaya maka, domin ƙa'idar ta ce banki ya sanar da abokin hulɗa aƙalla kwana 10 na aiki kafin ya fara amfani da sabon ruwa. Kafin ka rantse ba a sanar da kai ba, ka bincika saƙonnin wayarka da imel ɗin da ka ba su ranar buɗe asusu, ko da yaronka ne ya buɗe maka shi ka manta. In ka duba babu, ka nemi su nuna maka sanarwar da ranar da suka aiko ta. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ruwan obadiraf kullum ake lissafa shi a kan abin da ake bin ka a ranar. A bashin miliyan 2 na kwana 30, kashi 24 zai ba da kimanin naira 39,450, kashi 32 kuma kimanin 52,600. Fiye da dubu 13 ke nan a wata ɗaya.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, kuma shi ne amsar tambayarka ta me ya sa bashin ya ƙi raguwa. Asusun da ke cikin obadiraf, duk cajin da aka cire masa yana komawa cikin bashin ne, washegari kuma ya fara haifar nasa ruwan. Dubu 30 da aka cire ba bisa ƙa'ida ba a Disambar 2022 ba ta tsaya a dubu 30 ba, tana nan tana girma har yau. Don haka in za ka nemi a mayar, kada ka tsaya a jimlar cajin kaɗai. Ka nemi a sake lissafa asusun daga farko kamar ba a taɓa cire su ba.

Aikin farko na takarda ne, kuma yana da gajiya. Ka tattara takardar tayin bashin da ka sa wa hannu, da ta sabuntawa in an yi, da takardar jingina, da cikakken sitatimen daga ranar farko zuwa yau mai hatimin banki. In takardar tayin ta ɓata, ka rubuta ka nemi kwafi, haƙƙinka ne. Sannan ka sami akanta mai rajista da ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wanda ya saba da lissafin banki, ku zauna ku bi layi-layi: ga rana, ga sunan caji, ga abin da aka cira, ga abin da ya kamata a cira, ga bambanci. Ka sa ya rubuta rahoto ya sa hannu. Akwai masu wannan sana'a da ke cewa ba sai ka biya ba, in an karɓo sai su ɗauki kasonsu. Wasunsu ƙwararru ne na gaskiya, wasu kuma kumbura lissafi suke yi don ka ji daɗi, a je gaban hukuma lissafin ya rushe ya tafi da na gaskiyar. Kowa ka ɗauka, ku rubuta kasonsa tun farko. Kada kuma ka cusa abin da ba rigima a kansa, irin harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan kuɗin hidima, ko naira 50 ta gwamnati a kan turin kuɗi daga dubu 10 zuwa sama. In ka haɗa su, ka ba su abin da za su fara amsawa su bar babban.

Da rahoton a hannunka sai ka rubuta wa banki takardar ƙorafi. Zuwanka uku wurin manaja, Alhaji, a idon hukuma kamar ba ka je ba, tunda ba abin da ya nuna ka je. Ka kai takardar reshenku, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka, ka karɓi lambar ƙorafi. Ka rubuta ta da sanyin murya, ba zagi ba barazana, ka faɗi adadin da kake nema, ka kuma bayyana cewa biyan da kake ci gaba da yi ba yarda da jimlar da suka rubuta ba ne. Ƙorafin cajin da ya wuce ƙa'ida da na bashi, kwana 30 ake ba banki ya warware. In wa'adin ya cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai ka ɗauki takardun duka ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, wanda aka kafa a 2012. Ba sai ka je Abuja ba, reshensu na Kano zai karɓa. Ba a biyan ko kwabo, kuma suna da ikon umartar banki ya mayar. Abin da ya sa nake matsa maka ka bi ta nan kafin kotu shi ne, da zarar magana ta shiga gaban alƙali CBN zai janye hannunsa. In ka fara da kotu ka rufe wa kanka ƙofar kyauta, in ka fara da CBN kuwa ƙofar kotu tana nan a buɗe.

Sai dai kada ka yi nawa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Tun 2015 CBN ya sa iyakar shekara 6 daga ranar da aka yi cajin, bayan haka ba ya sauraron irin wannan ƙorafi. Kotu ma tana da nata wa'adin na shigar da ƙarar yarjejeniya, a wasu jihohi shekara 6, a wasu 5, kuma jiran amsar banki ba ya tsayar da agogon. Naka ya fara daga 2022, ka riƙa ƙirgawa.

To in duk wannan bai yi ba, kotu halaliyarka ce, kuma ba zan hana ka ba. Rigima tsakanin mutum da bankinsa ana iya kai ta babbar kotun jiha ko babbar kotun tarayya, haka kotun ƙoli ta fassara sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 a shari'ar hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, da kamfanin Okem a 2004. Akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, inda majistare ke sauraron neman kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin da aka kafa ta, da nufin a gama cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. Amma an yi ta ne don kuɗin da adadinsa ya fito fili. Ta fi amfanar ka in banki ya amsa a rubuce cewa zai mayar da kaza sannan ya ƙi. In har yanzu ana musun lissafin, kuma ga jinginar gida a tsakiya, shari'ar babbar kotu ce, ka nemi lauyan da ya taɓa yin shari'ar banki, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa.

A can ƙa'idar da ka sani ce tun a makarantar allo: hujja tana kan mai da'awa. Kai ka ce an cire, kai za ka nuna kowane caji da dalilin haramcinsa, kuma akantan da ya yi rahoton zai shiga akwatin shaida lauyan banki ya yi masa tambayoyi. Sitatimen da aka fitar daga kwamfuta sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 kafin kotu ta karɓe shi, kuma an sha rasa shari'a mai kyau a kan wannan kaɗai. Ka kuma sa rai bankin zai juyo a cikin shari'ar ya nemi kotu ta sa ka biya sauran bashin duka nan take. Daɗin abin, ƙa'idar nan ta hau kansa shi ma. Kotunanmu sun sha faɗa cewa banki ba zai jefa sitatimen gaban alƙali ya ce ga bashi ba, sai ya kawo shaida ya bayyana yadda aka kai ga wannan jimla. Amma shari'a tana cin lokaci. Ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara in sun faɗi, su kuma suna da lauyoyin da aikinsu ke nan, kai kuwa kaka ba za ta jira ka ba. Ka auna da kanka: in rahoton ya nuna dubu 200, kuɗin lauya zai cinye ta kafin a je ko'ina, ka tsaya a CBN. In ya haura miliyan, ko kuma cire shi zai sa bashin ya kusa ƙarewa takardar gidanka ta dawo, to ya cancanci wahalar. Ko an shiga kotun ma, Kano tana da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotu tun 2009, kuma banki yakan fi son a zauna a can a rage bashin da a rubuta hukunci da sunansa.

Abubuwa biyu zan roƙe ka ka kiyaye a tsakanin nan. Da zarar ka fara ƙorafi, mai yiwuwa a kira ka a ce zo mu sake tsara maka bashin, ko ga rangwame sa hannu a nan. Kada ka sa hannu a wurin. Ka ce za ka tafi da ita gida, lauya ya karanta, domin irin waɗannan takardu sukan ƙunshi amincewa da jimlar bashin ko yafe duk wata da'awa, kuma sa hannu ɗaya ya isa ya shafe aikin akantanka. Na biyu, in wani ya tsorata ka da 'yan sanda, ka sani bashin banki maganar yarjejeniya ce, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya.

Na san kuma akwai wani nauyi a zuciyarka da ba ka rubuta ba, don 'yan kasuwarmu da yawa suna jin kunyar a ji sun ci bashi mai ruwa, har su gwammace su yi shiru a cuce su da a san sun shiga. Wannan kunyar ce ke sa ba a kai ƙorafi. Kuɗin da aka cire maka ba bisa ƙa'ida ba guminka ne, karɓo shi kuma yana rage ruwan da kake biya ne. In sun ƙara maka wani abu a kai da sunan ruwan jinkiri, ka tambayi malaminka yadda za ka yi da shi. In Allah ya raba ka da wannan lafiya, akwai bankunan da ba sa harkar ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, ka je ka ji tsarinsu kafin wata kakar, ka kuma karanta takardarsu da irin idon da za ka karanta wannan.

Ranar Litinin ka je reshen da takardar neman cikakken sitatimen da kwafin takardar tayin bashi, a buga maka hatimi a naka kwafin. In sun zo hannunka, ka sake rubuto mini ka kwafo layin da ya yi maganar canjin ruwa da na tarar makara daidai yadda suke, mu duba tare kafin ka biya kowane lauya.